Kwanakin da Ba Na Nan

A rumfar albasar yayana Ladan nake zaune,
kwamfuta a cinya, cajinta saura ƙiris,
ina cike takardar neman zaman dindindin
a ƙasar da rana ke faɗuwa tun ba a yi la'asar ba.

Tambaya ta tara: nawa ake biyan ka a shekara?
Na rubuta. Adadin ya haye layin da suka ja
kamar akuya ta sami gajeriyar danga.
Wanda ya haye, shekara uku ta ishe shi jira.
Wanda ya gaza, ya ƙirga goma,
in kamfani bai kwance shi a tsakar hanya ba.

Lauyata ta nuna mini ƙofofi.
Ko in zauna a turken da ya ɗaure ni
har igiya ta tsinke don kanta,
ko in tara shaidar gwaninta, manya su sa hannu
cewa irina ba ya yawa a kasuwa.
Akwai ta masu zuba jari, ta ce,
sai ta dubi takalmina, ta wuce zancen.

Ladan bai san Turanci ba, amma ya san zaɓe.
Tun hantsi yake ware Aliero kashi uku:
manya a buhun motar Kudu,
matsakaita na kasuwar Jega,
ƙanana a bar wa masu kasawa a bakin titi.
Da na gama yi masa bayani
ya ɗaga wata mai girman dunƙulen hannu,
ya juya ta, ya ce,
"To, kai buhun farko ka faɗa ke nan."
Bai yi dariya ba.

Cindo ya faɗo mini a rai, mutumin Yawuri.
Jirgi ɗaya ya kai mu.
Ni ina gyara lissafin banki da rana,
shi yana juya tsofaffinsu a gado da dare,
yana shafa musu mai, yana kiran su Baba.
Albashinsa bai ko hango layin ba.
Ban taɓa gaya masa nawa ba,
shi ma bai tambaya ba, don ya san kunya.

Tambaya ta sha huɗu:
lissafa kwanakin da ba ka nan.

Sha ɗaya, da Inna Tumba ta kwanta,
ina ba ta kunu da ludayi, tana ture hannuna.
Tara, da na iso na tarar da ƙasa ɗanya,
an riga an watse, sai takalman masu gaisuwa.
Sha shida na yanzu.
Talatin da shida ke nan, ban kai haddi ba,
lauya za ta ji daɗi.
Kwanakin da aka kira ni da sunan yarinta,
kwanakin da ba wanda ya ce in maimaita sunana,
su takarda ke kira rashi.

'Yata can tana cewa "ina kwana" da yamma.
In ta zo, ƙauyen nan zai ce
albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Wane ruwan? Ni na dasa ta a can.
Kuma ina son takardar, kada in yi ƙarya.
Na gaji da barci da fasfo a ƙarƙashin kai,
na gaji da murmushi ga mai riƙe da igiyata.

Na danna. Ta tafi. Allon ya mutu.

Ladan ya miƙo mini basilla da zare,
na durƙusa muna ɗinke bakin buhu.
Ya ga ina share ido da kafaɗa,
ya ce, "Yaji ne, baƙo bai saba ba."
Mu duka mun san
ba wadda aka yanka a cikinsu.