Daga Wanne Zan Fara?

A Kalama ta ƙasar Chile, inda iska ke ɗanɗanon tagulla,
shagona na tsakanin mai gyaran takalma da gidan burodi.
Ranar Talata Baltasar ya shigo,
direban da ke kai ma'aikata can ƙololuwar dutse,
wurin manyan madubai masu leƙen taurari.
Shekara goma sha tara yana sauke su a bakin ƙofa,
bai taɓa sa ƙafa ciki ba.

Ya ce, "Ermelinda, jikata Maite ta matsa mini
in karanta irin na soyayya a cikin kumbo.
Ni kuwa ban wuce shafin ƙwallo a jarida ba.
Daga wanne zan fara?"

Na ce, kar ka taɓa wancan mai juzu'i bakwai,
taswira a gaba, jerin sarakunan duniyoyi a baya.
Sai ka haddace sunan wata goma sha biyu
kafin wani ya riƙe hannun wani.
Mai koyon iyo ba ya fara kogi daga tsakiya.

Ɗauki siririn nan mai tabon shayi a bango.
Mutum biyu ne kacal, da tasha ɗaya mai yoyon iska.
Ita tana liƙe tsaga, shi yana lissafin numfashin da ya rage,
kullum suna cacar baki kan wa ya bar fitila a kunne.
In ka taɓa zaman aure, ka riga ka san rabin kimiyyarsa.

Ya yi dariya har haƙorin gwal ya leƙo.

Ko wannan, na matar da ke gyaran mutum-mutumi
har ya fara ajiye mata kujera kusa da taga
ba tare da an saka masa haka a ƙwaƙwalwa ba.
In ka ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinka,
kauce mata kamar ramin hanyar San Pedro.
Injin ba naka ba ne. Kai dai bi mutanen.

Na ukun ban yi niyyar nuna masa ba,
hannunsa ne ya kai.
Wasiƙu ne tsakanin miji da mata,
kowace sai ta yi shekara goma sha ɗaya a hanya.
Ta rubuta masa cewa ta rage gashinta,
kafin ya karanta, furfura ta gama da shi.
Na san Fresia tasa ta rasu bara waccan, cikin hunturu.
Na ce, wannan a bar shi sai an saba.
Ya ce, nawa ne?

Sati uku babu duriyarsa.

Ya dawo da littafin a aljihun jaket, gefensa ya nannaɗe,
rasit ɗin gidan mai a shafi na casa'in.
"Nan na tsaya. A mota nake karantawa, ina jiran masu aikin dare.
Wata yarinya cikinsu ta gan ni, ta ja ni ciki,
ta nuna mini wani ɗigo a allo,
ta ce hasken nan ya baro gida tun ba a haifi kakana ba,
sai yau ya iso."

Maƙwabta suna sauke farantan burodi.

"Akwai muryarta a wayata, tana cewa in taho da albasa.
Tun ranar jana'iza ban buɗe ba.
Daren nan na buɗe. Sau huɗu."

Na gyara littattafan da ba su karkace ba.

"Suna haɗuwa a ƙarshe?"
Na ce, ba na sayar da ƙarshe daban.

Ya zube sulalla a kan tebur, yana ƙirgawa da ɗan yatsa.
"To haɗa mini da siririn nan, na masu faɗa kan fitila.
Ita ma ba ta kashe ta kicin.
Mai juzu'i bakwai kuwa, ajiye wa Maite,
ita ke da sauran shekarun haddace sunan wata."