Maɓalli na Uku

A maɓalli na uku na kaftanina
aka dasa ido, bai fi ƙwayar gero ba.
Wani tela a Taminus ya ɗinke shi bai yi tambaya ba,
ya karɓi dubu biyu, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Katin shaida a Dilimi aka buga.
Sunana a jiki Alhaji Gambo, ɗan kwangilar burtsatse,
ni da ko rijiyar gidanmu ban taɓa yashewa ba.
Hatimi na jabu, sa hannu na jabu,
hular ma ta aro ce.

Edita Tanimu ya ce, Nufi Rayfil,
gidan ɗan takarar adawa.
Miƙa ambulan, ka bar ido ya sha.
Na ce, Oga, wannan ai tarko ne, doka ta hana.
Bai ɗago daga wayarsa ba.
Ya ce, Mai farautar kura ba ya jiran alwala.

Babban bai fito ba.
Barau ne ya fito, sakatarensa,
dattijo mai tabarau ɗaure da zare.
Ya kawo min shayi saboda sanyin safiya,
ya bar wayarsa kan tebur ya shiga salla,
na kwashe saƙonninta kafin ya sallame.
Ba komai ciki sai kuɗin makarantar 'yarsa Ladidi
da bashin mai kemis.

Na miƙa ambulan, ya ture.
Na sake, ya ture.
Na uku na cusa masa a hannu na juya,
ya biyo ni da shi har bakin get yana cewa,
Alhaji, ka yi mantuwa.
Daƙiƙa huɗu takardar ta yi a tafinsa.
Huɗu. Na ƙirga daga baya.

Washegari, ba wanda ya aike ni,
na kai maɓallin gidan ɗaya jam'iyyar,
wadda mai tasharmu ke sa hularta ranar biki.
Can ba a ture komai ba.
Injin ƙirga kuɗi yana ta kuka har ya yi zafi,
aka kunna masa fanka.
Minti arba'in ido ya sha, bai ƙifta ba.

Kakana kuza ya wanke a Bukuru har bayansa ya lanƙwashe.
Ya ce aikin ruwa ne ya tafi da yashi,
mai nauyi ya zauna a gindin kwano.
A ɗakin tace labarai na ga an kifa kwanon:
an zubar da kuzar,
yashi aka kai kasuwa.

Minti arba'in? Tanimu ya ce faifan ya lalace.
Daƙiƙa huɗu kuwa suka hau labaran ƙarfe tara,
an ja su a hankali, an kewaye hannun da jan zobe,
an maimaita, an maimaita, an sa musu kiɗa.

Ni na rubuta kan labarin, na san ma'auninmu.
Namu in sun taru, dandazon masoya;
nasu in sun taru, gungun 'yan daba.
Namu ya bayyana, nasu ya yi iƙirari.
Namu ya sauya sheƙa don kishin jiha,
nasu don ciki.

An ba ni lambar yabo a otal, da hoto, da tafi.

Bayan wata biyu, a kasuwar Farin Gada,
na gan shi tsugune yana kasa dankalin Turawa.
Ya gyara tabarau, ya dube ni.
Ban samu lungun shiga ba.
Ya ce, Alhaji Gambo, yaya rijiyoyi?
An samu ruwa?
Sannan ya ƙara min uku a kan kashin, gyara.

Daren nan na sa reza na cire maɓallin.
Yana cikin gwangwanin madara a kan taga, yana kallon rufi.
Kaftanin har yau ina sa shi,
ƙirji a buɗe daidai wurin,
ta nan sanyin Jos ke shiga.