Sifilin Baba

A Ƙofar Marusa, bayan rumfar masu faskare,
injin niƙan Baba ya shekara talatin yana tari.
Na girma da gari a gashin ido,
ban san ana auna ƙara ba
sai da Malama Turai ta miƙo min ɗan ma'auni
mai hular soso, ta ce, je ki, ki kawo min lambobi.

Na ɗora shi kan buhun gero.
Casa'in da biyar.
Baba ya leƙo, ya ce, mudu ne ko tiya?
Na ce, desibel.
Ya ce, mi?

Lawandi ya murɗa inji na biyu ya tashi.
Na zaci zan ga ɗari da casa'in,
sai lamba ta ɗan muskuta: casa'in da takwas.
Ƙarfi ya ninka, ita ta ƙara uku kacal,
kamar attajirin da aka kai wa raƙumi
ya ɗaga gira, ya ci gaba da cin goronsa.
Wai sai injuna goma sun taru suna gurnani
kafin kunne ya ce, to, yanzu kam an ninka.
Kunne ɗan kasuwa ne,
duk abin da aka kawo masa sai ya yi ragi.

Na fita fili.
Daga taku biyar na koma taku goma,
shida ta zube.
Injin bai huce ba,
ƙarfinsa na cikinsa kamar wuta a murhu.
Abin da ke bugun dodon kunne matsin iska ne,
ɗumin da ke isa ga kowa gwargwadon inda ya zauna.

Na bi gari da littafina.
Rafindadi, 'yan babur: tamanin.
Gindin Gobarau da hantsi, tattabaru da wani tsoho mai shara:
arba'in da biyar.

Malama ta ce sifili ba shiru ba ne.
Shi ne mafi ƙanƙantar motsi da lafiyayyen kunne ke kamawa,
kamar kukan sauro a can ƙuryar ɗaki.
Daga nan ake fara ƙidaya,
kowace lamba tana tambaya: sau nawa na fi sauron nan?

Da dare na manta ban kashe ma'aunin ba.
Inna ta ajiye kwano, ta ce a hankali, Malam, ga tuwo.
Talatin da biyar.
Yana gyara tocila.
Malam.
Hamsin.
Sai da ta kai saba'in, har akuya ta ɗago kai,
ya waiwayo yana murmushi:
ke dai, Magajiya, kullum raɗa.

Ashe sifilinsa ya yi ƙaura.
Injin ya riƙa ɗiba, kullum ɗan kaɗan,
yadda gari ke maƙalewa a haƙoransa bayan kowane niƙa,
ba wanda ya taɓa zuwa ya ce an rage masa.

Bayan isha'i ya kira ni.
Ya ce, akwai gyare a kunnena na hagu,
shekara bakwai bai yi barci ba,
auna min shi.
Na kanga hular soson a kunnensa.
Ma'auni ya ji numfashinmu,
ya ji kare a unguwar gaba,
bai ji gyaren ba.
Nawa? in ji Baba.
Na bar layin ba rubutu.

Da safe na tsaya kantin magani na sayi abin toshe kunne.
Lawandi shekararsa sha shida.
Har yanzu yana jin sauro.