Kiran Suna a Aboabo

Bakwai da rabi na buɗe rajista.
Zenabu? Ga ni. Fuseni? Ga ni.
Mutawakilu? Yana kan taga, benci ya ƙare.
Saba'in da tara, ba wanda ya yi fashi.

Sai na kira ɗaya jerin, na zuci.
Tica Nuhu na lissafi?
Yana Kejetiya ƙarƙashin lema,
yana manna gilashi a fuskar waya.
Ya ce abin da alli ke ba shi a wata
yana kama shi kafin Laraba.
Madam Akosuwa? Ta hau jirgi,
tana ba tsofaffi magani a ƙasar ƙanƙara.
Kofinta na nan a ofis, mun kasa wankewa.
Sulemana ya jira albashin fari wata goma sha ɗaya,
a na sha biyu ya kama keke mai ƙafa uku.
Jiya ya ɗauko ni daga Asawase,
na miƙa sidi biyar, ya kau da kai.

To ni ne lissafi yanzu, ni ne kimiyya,
har Faransancin da ban iya ba, ni ne.
Ina ba aji huɗu aiki, in ruga aji biyar,
muryata rabi nan, rabi bayan bango.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
amma damina ba ta tambaya.

Na yi kwaleji, na zauna jarrabawa,
lasisina na cikin leda ƙarƙashin katifa.
Da na je neman ɗaki a Sawaba
mai gida ya ce, me kake yi?
Na ce koyarwa.
Ya dubi takalmina.
Ya ce, a'a, ina nufin sana'a.

Ba wanda zai kwanta wa wanda bai karanci fiɗa ba,
amma aji? Kowa ma a tura shi, ai yara ne.

Yau na ce su rubuta abin da za su zama.
Likitoci sha tara. Ɗan ƙwallo, ba adadi.
Takardar Zenabu layi ɗaya ce:
Tica, don kada ajinmu ya zauna shi kaɗai.

Na daɗe da jan biro a hannu.
Ba kuskure ko ɗaya.
Na rasa makin da zan ba ta,
ga aji biyar sun fara buga tebur.