Kwanar Ƙarshe

Wata goma sha ɗaya ina dakonsa,
littafin nan mai nauyin batirin mota.
Shafi ɗari tara da arba'in,
ba hoto ko ɗaya, ba tausayi.
Jimla guda takan fita tun safe,
ba ta komo gida sai na yi hamma uku.

Na yayana ne, Tapio.
A shafi na ɗari huɗu da sha biyu ya tsaya,
ya saƙala tikitin bas a wurin
kamar mai cewa bari in sha ruwa in dawo.
Bai dawo ba.

Tun da ƙanƙara ta sakar mana hanya,
kowace Asabar sai mu ɗora tsohuwar motar a tirela
mu yi sammako,
in ana kiransa sammako a Finland cikin Yuni,
inda rana ba ta je ko'ina ba balle ta fito.
Can cikin daji akwai ramin tsakuwa
da masu gyaran famfo, da malaman firamare,
da wani likitan haƙori mai sanƙo
ke taruwa su lanƙwasa ƙarfe don nishaɗi.

Raakel, matata, ita ce bakanike.
Ƙafafunta kaɗai nake gani a ƙarƙashin mota,
sai hannu ya leƙo: "Sifana, sha uku."
In miƙa sha bakwai, idona na kan takarda.
Shekara ashirin tana yafe mini wannan.

Kaka Kerttu na juya kifi a kan garwashi,
tana zagin sauro ɗaya bayan ɗaya.
Onni ya toshe kunne da auduga,
yana sayar wa baƙi hasashen wanda zai fara kifewa.

Saima ce direba.
Sha shida gare ta, hular kwano ta haɗiye mata kai.
Ranar da na tsallake tikitin Tapio
ita ce ranar da ta fara gama tsere ba a jawo ta da igiya ba.
Ban gaya wa kowa nawa ba.
Daga nan ni kaɗai nake tafiya a littafin,
babu sawun fensirinsa a gefe.

Yau saura shafi uku aka ɗaga tuta.
Mota shida suka yi gurnani,
ƙasa ta girgiza har cikin kofina.
Layi ɗaya a takarda, ido ɗaya a fili.
Tsohon da ke littafin yana bakin kogi har yanzu,
Saima ta shige tsakanin biyu kamar zare a allura.
Ya kwance kwalekwale.
Ta rasa ƙofa.
A kwanar ƙarshe motar ta juya mana baya,
ta yi tunani, ta sake shawara,
ta tsallake layi ta huɗu, tana tari.
Na duba ƙasa: farar takarda.
Ashe har na gama.

Dokar filin nan ita ce
duk motar da ta yi tsere ta sayarwa ce,
farashi ɗaya, ba ciniki.
Likitan haƙori ya ci ƙuri'ar tamu.
Saima ta shafa mata goshi,
ta cire ƙaramar 'yar tsanar da ke rataye a madubi,
ba ta waiwaya ba sai sau biyu.

Tapio, ga labari:
tsohon bai kai wancan gaɓar ba,
amma marubucin ya bar shi yana tuƙi.
Na mai da tikitinka bangon baya.

Mun tsaya shan mai a kan gangara,
tirela ba kaya, sai ta fara silalewa.
Raakel ta duba hagu, ta duba dama,
ta zare littafin daga hammatata
ta cusa shi a gindin taya.

Ya riƙe.