Matakala Arba'in da Ɗaya

A asibitin kan tudu, a Valparaíso,
inda gidaje ke rataye kamar shanya,
ƙarfe tara na dare mukan yi tsit,
mu shida, da karayarmu, da sandunanmu,
mu zuba wa talabijin ido.

A cikin wasan, motar Leticia ta faɗa teku,
ta farka ba ta san sunanta ba.
Kashi na tamanin ke nan tana lalube,
amma jan-bakinta bai taɓa gogewa ba.
Eduviges, tsohuwar gado na uku,
ta ce, "Mijin ne, ku rubuta ku ajiye."
Muka yi dariya har ɗinkina ya motsa.

Ni ƙugu ne. Ƙusa huɗu da farantin ƙarfe.
Wai na zame a matakalar unguwarmu:
ruwan sama, santsi, tsautsayi.
Haka Osvaldo ya gaya wa likita,
haka ni ma na haddace
ba tare da na san fassarar ba.

Da safe Fresia kan tsayar da ni tsakanin ƙarfe biyu.
"Taka, Herminia. Ƙafar ba ta manta ba,
ke ce kike tsoro."
Taku ɗaya. Gumi. Taku biyu.
Ran Laraba ta kawo matakalar katako, hawa uku kacal.
Na ɗora ƙafa a na farko,
sai ƙamshin lemo ya buge ni.

Jaka ta yage, lemo na gangarawa
ɗaya bayan ɗaya, har tashar jiragen ruwa.
Babu ruwan sama. Rana tsaka ce.
Bai ture ni ba. Ina ma ya ture ni,
da na sami abin nuna wa alƙali.
Cewa ya yi, yana gyara agogonsa,
"Akwai wata a Quilpué. Yaron ya shekara bakwai."
Na juyo in dube shi, ƙasa ta ƙare.
Hannunsa na nan kusa, kamu ɗaya.
Bai miƙo ba.

A talabijin, in tunani ya dawo,
goge ya yi ta kuka, fitilu su yi rawa,
mace ta yanke jiki ta faɗi a kan kafet.
Ni ruwa na nema.
Fresia ta ba ni a kofin roba.

Ran Lahadi ya zo da furanni da soyayyen kifi.
Na ci kifin, abincin asibiti ba gishiri.
Na ce, "Lemon nan, wa ya tsince su?"
Ya dubi taga. Wani jirgi na shigowa.

Lauya ta ce raba aure na cin lokaci.
Fresia ta ce ƙashi ma haka.

Jiya Leticia ta tuna komai, ta yafe,
aka sha biki a bakin teku.
Eduviges ta ja tsaki, ta juya wa bango fuska.
Ni ina baranda ina ƙirge.
Arba'in da ɗaya ce matakalar gidanmu.
Sau ɗaya zan hau ta, da sanda,
in ɗauko takarduna da tukunyar uwata,
in sauko a hankali,
hannuna a kan ƙarfen gefe.