Haƙoran Gwanjo

A Kara haƙori ake dubawa
a san shekarun rago.
Wagga kwamfuta ba ta da baki,
sai na kwance mata noti huɗu
a barandar Modi, can Runjin Sambo.

Fanka mai fiffike bakwai, ɗaya ya karye.
Gurbin ƙwaƙwalwa biyu,
guda cike, guda giɓi,
alhali dillali ya rantse mini da biyu.
Ƙaramin batir kamar kwabo ya mutu,
shi ya sa agogonta ke kwana
a shekarar da aka yaye ni.

Modi ya haska tocila kan faifan ajiya.
Ƙarƙashin lambar da nake nema
wani ya rubuta suna da biro,
cikin haruffan da ba mu iya karantawa.

Na ɗaga tsumma,
na fasa gogewa.